Idon Inna Sai Bayan Zaɓe

Allura ce ta fara tona asirin idon Inna. Matar da ta yi shekaru tana zura zare a kafar allura tana hira, ko kallon hannunta ba ta yi, sai ga ta wata safiya ta lashi bakin zare ta kai, ta kuskure. Ta sake lasa ta sake kaiwa, ta sake kuskurewa, har zaren ya jiƙe ya langaɓe. Ta ɗora wa masu yin allurar zamani laifi, ta ce kafar suka tsuke don tsabar rowa. Amma da ta rufe idon hagu da tafin hannu ta dubi ƙofar ɗakinta da na dama, sai ta ga tsakiyar ƙofar kawai ta rage, gefe da gefe duk hayaƙi. Ita kuwa tela ce, idon nan shi ne jarinta.

Ba ta rasa wanda za ta gaya wa ba. 'Ya'ya biyu maza Allah ya ba ta, kuma duk gida ɗaya suke da ita. Babba yana da shagon kayan gini, yana da mota, yana da mata da yara. Ƙarami gyaran waya yake yi a bakin kasuwa, bai yi aure ba, yana da babur, yana kuma da baki. In gaya muku tun yanzu, ba matalauta ba ne, kada wani ya fara tausaya musu. Abin da ya same su shi ne zaɓe ya matso.

Babba ɗan jam'iyyar Tsani ne, mai mulkin ƙasa, kuma ba ya wasa da shugabanta da ake kira Mai Tsani. Kullum safiya sai ya buga waya gidan rediyo ya kare gwamnati, har masu gabatar da shirin suka haddace tarinsa, mutanen unguwa suka sa masa Kakaki. Ƙarami kuwa ɗan Bokiti ne, jam'iyyar adawa, shi a waya yake nasa yaƙin, yatsa ba ya hutawa. Ƙyauren gidan ma raba shi suka yi. Ɓangare ɗaya fastar Mai Tsani, ɗaya fastar Mai Bokiti. In aka rufe ƙofa sai ka ga mutanen biyu suna yi wa juna murmushi, abin da 'ya'yan Inna suka manta yadda ake yi.

Ranar da ta yanke shawarar faɗa musu, ta same su a tsakar gida suna cin abinci suna musu. Wasu masu bincike ne suka yi ƙuri'ar jin ra'ayi, suka ce farin jinin Mai Tsani ya ragu.

"Wa suka tambaya?" in ji Babba. "Ni an tambaye ni? Ke an tambaye ki?" Ya juya ga matarsa, ta girgiza kai tana zuba ruwa. "To ka gani. A ɗaki suka zauna suka rubuta abinsu."

"Wancan karon da suka ce shi ne a gaba, ai ba ka tambayi wa suka tambaya ba," in ji Ƙarami. "Har bugawa ka yi ka manna a shago."

"Wancan na ƙwararru ne."

"Su ne dai, Yaya. Ko ofis ba su sake ba."

Inna ta ja kujera ta zauna. "Ku ɗan saurara min. Idona na dama ya fara gardama, ba na gani da shi sosai."

Maganar gaskiya, sun damu. Babba ya ajiye cokali, Ƙarami ya kife wayarsa, abin da ko a gaban liman ba ya yi. Sai fuskar Babba ta washe.

"Inna, kin yi sa'a. Kin san sabon sashen ido da Mai Tsani ya buɗe a babban asibiti? Komai kyauta. Da a mulkin baya ne wannan ciwon ya same ki, da mun shiga uku."

"Ginin da aka shafa wa fenti aka ɗauki hoto aka kulle?" in ji Ƙarami.

"Kai ka taɓa shiga?"

"Ta ina zan shiga, ta taga?"

Daga ido suka koma kan titi, daga titi suka koma kan farashin mai, daga nan suka tafi kan wanda ya fi tara jama'a a filin taro. Inna ta zauna tana duban wannan da ido ɗaya, ta dubi wancan. Da ta ga babu alamar za su dawo, ta tashi ta koma ɗakinta da idonta.

Babba dai bai manta da maganar asibitin ba, kada a zalunce shi. Ya sa hular jam'iyya, ya ɗauke ta a mota suka tafi. Ginin yana nan kuwa, sabo fil, yana warin fenti, kujerun ko ledarsu ba a cire ba. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce injin auna ido ya iso amma yana cikin akwatinsa, wanda zai haɗa shi bai zo ba, likitan kuma ana jiran a turo shi. Ta haska idon Inna da 'yar tocila, ta daɗe tana dubawa, sannan ta rage murya.

"Mama, kada ku zauna jiranmu. Ku nemi asibitin ido na kuɗi a auna shi da wuri."

A mota Babba ya yi ta huci. "Kin ji ta ko? Duk 'yan Bokiti ne suka cika wurin, zagon ƙasa suke yi mana."

"Ni dai ta ce a je da wuri," in ji Inna.

"Inna, ki dubi matsayina. Da bakina na faɗa a rediyo cewa duk wanda ya kai mara lafiyarsa asibitin kuɗi yanzu, ɓarnar dukiya ce kawai ke damunsa. Sai kuma a gan ni da uwata a can? Ai da hoto za su kashe ni. Ba kuɗin nake ji ba, Allah ya sani. Ki ɗan yi haƙuri, mako mai zuwa za a haɗa injin."

"To, Allah ya kai mu," in ji ta. A ranta ta ce mako ɗaya ba wani abu ba ne, kuma ba ta so a yi wa ɗanta dariya a gari.

Allah ya kai su mako mai zuwa, ya kai su na bayansa, injin yana cikin akwati yana hutawa. Inna ta fara abin kunya a wurin aiki. Ta ɗinka baƙar riga da shuɗin zare. Ta haɗa wa wata mata hannun riga a baibai, matar ta gwada ta tsaya kamar wadda aka ɗaure. Wata rana ta fito tsakar gida ta yi wa rigar Babba da ke kan igiyar shanya sannu da zuwa, har da tambayar mutanen gida. Matar Babba ta yi dariya har da riƙe ciki, Inna ma ta taya ta. Amma da ta koma ɗaki dariyar ba ta bi ta ba. Masu kawo ɗinki suka fara zuwa karɓar yadinsu da ladabi, kowace ta ce bikin ne aka ɗaga, za ta dawo da shi.

Sai ta nemi Ƙarami. Ta kira shi ɗaki, ta ce ya kai ta inda ma'aikaciyar nan ta faɗa, ko a bayan babur ne. Yaron ya zauna a bakin gado, idonsa ya kawo ruwa, ya ciro waya.

"Inna, dubi nan. Ki faɗi duk abin da aka gaya miki a asibiti, kada ki rage komai."

Ta ɗauka wani likita zai tura wa. Ta gyara ɗankwali ta yi bayani tiryan-tiryan, har da akwatin injin da ledar kujeru. Bayan kwana biyu wata maƙwabciya ta shigo baki har kunne.

"Inna, ashe kin yi suna. Ko'ina ke ake kallo. An rubuta wai ga mahaifiyar Kakakin Tsani tana makancewa, gwamnatin ɗanta ta kasa duba ta."

Inna ta ji kamar an tuɓe mata zane a kasuwa. Da Ƙarami ya dawo ta tare shi.

"Ni ka mayar abin talla?"

"Don ke nake yi, Inna. Kin san mutum nawa suka yi miki addu'a? Kuma maganar ta kai sama. Mai Bokiti zai kawo likitocin ido daga waje, kyauta, ke ce ta farko a layi. Shi da kansa zai cire miki bandeji a gaban 'yan jarida."

"Yaushe?"

"Ana shiri."

"Kafin a gama shirin, ka kai ni na kuɗin."

Ya sosa ƙeya. "In na kai ki yanzu, na rufa wa gwamnati asiri kenan. Su suka yi alkawari, su suka saɓa. Haka muke yi kullum, su ɓata mu gyara a ɓoye, shi ya sa ba sa jin kunya. Ki daure kaɗan, Inna, ke hujja ce."

Ta haifi ɗa, ta goya shi, ta yi masa wankan ƙyanda, yau ga shi yana kiran ta hujja.

Washegari tana zaune a gaban keken ɗinki da allura a hannu, rediyonta yana kan taga, sai ta ji tarin Babba. Ya gaishe da masu sauraro, ya ce yana so ya ƙaryata wani bidiyo da maƙiya suka haɗa. Mahaifiyarsa lafiyarta ƙalau, in ji shi, ƙura ce ta ɗan shiga idonta kuma an duba ta a sabon sashen ido, yanzu haka da yake magana tana zura zare a allura ba tabarau. Inna ta dubi inda take zaton allurar take, ta ce, "Allah ya shirye ka." Mai gabatarwa ya yi mata fatan alheri, aka sa kiɗa.

Tunda ya faɗa a rediyo, sai ya zama dole ido ya yi biyayya. Babba ya kafa doka cewa kada Inna ta fita ko'ina sai da saninsa, don 'yan Bokiti suna laɓe da wayoyi. Bai tsaya nan ba. Ya kinkimo bandir na yadin jam'iyya, mai hoton tsani da fuskar shugaba, ya ce ita za ta ɗinka wa matan jam'iyya rigunan babban taro, kowa ya gani da idonsa. Ya zaunar da ita a keke, ya ɗauke ta hoto tana murmushin dole.

Inna ba ta ƙi ba, don ta yi kewar ƙarar kekenta. Matar Babba tana zura mata zare in ta samu sarari daga girki da yara, ita kuma tana yanka da lalube, tana bin bakin yadi da yatsa. Ɗinkin ya fita tsaf, don hannu bai manta ba. Sai dai yatsa ba ya ganin hoto. Ranar taro mata suka sa riguna, aka ga rabinsu tsanin ya kife, Mai Tsani kansa a ƙasa ƙafafun tsani a sama, yana murmushi a haka. Ƙarami ya samu abin da yake so, ya ɗauki hoto ya rubuta cewa ko yadi ya san mulkin nan ya juye. Gari ya yi mako yana dariya. Babba ya yi kwanaki ba ya gaishe da uwarsa da kyau, wai ta ba da shi.

Ana cikin dariyar nan ciwon kai ya zo. Wani irin ciwo ne da ke farawa daga bayan ido ya tsaga kai biyu, in ta dubi ƙwan lantarki sai ta ga zobe-zobe kewaye da shi. Wata rana da hantsi matar Babba ta same ta ta dafe kai tana amai. Yarinyar nan ba ta cika magana ba, amma ranar ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta leƙa ta ga motar mijinta ba ta nan, ta tsayar da tasi, ta lulluɓe surukarta da mayafi suka tafi asibitin kuɗin.

Likitan ya sa ta ɗora haɓa a kan wani ƙarfe mai sanyi, ya duba dama, ya duba hagu, ya koma dama. Ya ce hawan jinin ido ne, ciwon da ke cin gani a hankali daga gefe, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Na dama ya riga ya tafi. Na hagu saura kaɗan. Ya ba da maganin ɗigawa safe da yamma don ya riƙe shi, ya ce amma aiki ake bukata, kuma ba na jira ba ne.

"Mama, da kun zo tun farko, wannan 'yar kwalbar kaɗai ta ishe ki. Me kuka tsaya yi?"

"Zaɓe muke jira," in ji Inna.

Likitan ya yi dariya, ya ɗauka tsohuwa ce mai barkwanci. Da ya ga matar Babba ta sunkuyar da kai, sai ya daina.

Kafin su iso gida labari ya riga su. Wani ya gan su a ƙofar asibitin, ya ɗauki hoto, ya tura. Babba yana tsaye a tsakar gida yana jiran su, waya a hannu.

"Da izinin wa?" ya tambayi matarsa.

"Amai take yi, Baban yara."

"Ba ki da lambata? Kin san abin da kika ja min? Yanzu shugaban jam'iyya ya gama wanke ni tas. A gidana ake haɗa baki da 'yan adawa."

"Ni na ce ta kai ni," in ji Inna, ko da yake ba haka aka yi ba.

"Inna, ki bar ni da ita. Ba don asibitin ba ne, munafuncin ne ba na so."

A ranar ya sa ta haɗa kaya ta tafi gidan iyayenta da yara, wai ta je ta huta sai bayan zaɓe. Da ya huce ya shigo ɗakin Inna ya durƙusa, ya ji bayanin likita, sannan ya ce likitocin kuɗi haka suke, sai sun tsorata mutum suke cin abinci.

"Saura ƙiris a yi zaɓen nan, Inna. In muka ci, an yi min alkawarin kujera. Wallahi ko ƙasar waje ce zan kai ki, a jirgi. Yanzu in aka kwantar da ke a can, sai a ce abin da Ƙarami ya faɗa gaskiya ne."

"To ai gaskiya ne."

"Na sani, Inna. Amma ba lokacin faɗarta ba ne."

Ƙarami kuma ya ce ta kwantar da hankalinta, likitocinsu ranar Asabar za su sauka, aikin da za a yi mata a can ya fi na kowane asibiti.

Mai ɗiga mata magani ta tafi. Inna ta riƙa gwadawa da kanta, ta ɗaga kai ta matsa kwalba, ɗigo ɗaya ya sauka a kunci, ɗaya a gira, wani sa'in a dace. In ta kira Babba, yana sauri zai shiga rediyo, Ƙarami ya yi mata. In ta kira Ƙarami, yana taron matasa, ai Yaya yana gida. Kwalbar ta ƙare da wuri tunda rabinta kunci ne ya sha. Ta ce a sayo wata. Ƙarami ya ce wanda gwamnatinsa ta ce magani kyauta ne shi ya kamata ya kawo. Babba ya ce zai karɓo a sabon sashen ido, an ce kayan suna hanya. Kowannensu ya wuce kantin magani a ranar, a kan hanyarsa ta zuwa taro.

Asabar ta zo. Ƙarami ya faki idon yayansa ya goya ta a babur zuwa wani fili. Rana ta buɗe, lasifika tana tsaga mata kai, aka zaunar da ita a kujerar gaba. Mai Bokiti bai samu zuwa ba, ya aiko wakili. Wakilin ya yi dogon jawabi a kan yadda ƙasa ta gaji, ya ce duk inda suka je jama'a kamar ƙasa, sannan aka buɗe kwali aka fara rabon tabarau na karatu. Aka maƙala wa Inna ɗaya, aka ɗora mata hula mai hoton bokiti a kan ɗankwali, wakili ya dafa kafaɗarta, aka yi ta ɗaukar hoto.

"Ina likitan?" ta tambayi Ƙarami.

"Wannan zagayen farko ne, Inna. Aikin sai mun hau."

Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Da shi da babu duk ɗaya, abin da take gani bai fi faɗin bakin kofi ba.

Bayan 'yan kwanaki ta farka ta yi salla da lalube kamar yadda ta saba, ta zauna a bakin gado tana jiran gari ya waye. Ta ji ana buɗe shaguna. Ta ji yaran maƙwabta suna tafiya makaranta. Ta ce yau mutane sammako suka yi. Ta laluba ta kunna rediyo, sai ga tarin Babba, yana bayanin yadda farin jinin Mai Tsani ya dawo har ya ninka. Shirin nan kuwa ba a fara shi sai rana ta fito sosai. Ta kai hannu taga, ta ji zafin rana a bayan hannunta.

Ba ta yi ihu ba. Ta zauna ta yi kuka mai yawa ita kaɗai, kukan baƙin ciki da na haushi, kuma haushin har da na kanta. Ta ga ashe kare mutuncin 'ya'yanta ta yi ta yi, ta yi shiru don kada a yi dariyar wannan, ta yi haƙuri don kada ran wancan ya ɓaci, su kuwa ba wanda ya kare mata ko ido ɗaya.

Ranar dai suka kai ta asibitin kuɗin. Su biyu, mota ɗaya, ba hula ba bidiyo. Tafiyar ko tsawon shirin rediyo ɗaya ba ta kai ba. Likitan ya duba, ya kashe fitilarsa, ya ce sai haƙuri. Suka yi kuka na gaske, manyan maza, har ma'aikata suna ba su baki. Kafin su kai bakin mota Ƙarami ya share hawaye ya ce wannan alhakin yana wuyan Mai Tsani. Babba ya ce yana wuyan masu yaudarar tsofaffi da tabarau. Inna tana tsakiyarsu, ba wanda ya tuna ya gaya mata akwai matakala, sai da ta yi tuntuɓe.

Abin da ke ba ni haushi da irin su Babba da Ƙarami shi ne ba mugaye ba ne. Da mugaye ne da an san maganinsu. Suna son uwarsu, in ka zage ta za su fasa maka baki. Amma mutanen nan biyu da suke kashe kansu a kai, ko sunansu ba su sani ba, ko a hanya suka haɗu ba za su gane su ba. Mai Tsani in idonsa ya yi ƙaiƙayi likita ake kira masa har gida, Mai Bokiti ma haka. Ba ɗayansu da ya ce a hana tsohuwa magani don a kare masa suna. 'Ya'yanta ne suka ɗauki wannan aikin da kansu, kyauta, kuma kowannensu yana kwana da yaƙinin shi ne mai kishin ƙasa.

Ana gobe zaɓe Babba ya ji wani abu a taron wakilan jam'iyya. Ashe doka ta ce wanda ba ya gani yana iya zaɓar mutum ɗaya ya shiga da shi ya dangwala masa ƙuri'a. Ƙarami ma ya ji, don a nasu taron an faɗa. Da sassafe Inna ta ji sallama biyu a ƙofarta. Wannan ya kawo shayi, wancan ya kawo ruwan wanka mai ɗumi. Wannan ya ce mota tana waje, wancan ya ce shi zai riƙe mata hannu. Rabon da a yi mata irin wannan hidima har ta manta.

"Inna, tsanin yana can sama a takardar, amma kada ki damu, ni zan shiga da ke," in ji Babba a hanya.

"Bayan abin da suka yi mata?" in ji Ƙarami. "Inna ta san inda ke mata ciwo."

Suka isa rumfar zaɓe, ɗaya riƙe da hannun dama, ɗaya da na hagu, suna jan ta kamar za su raba. Mutane suka buɗa mata hanya saboda tsufa da lalura. Malamin zaɓe ya karɓi katinta ya duba, ya yi magana da ƙarfi kaɗan, yadda mutane ke yi wa makafi kamar kunnen ne ya tafi.

"Mama, kina da damar ki zaɓi mutum ɗaya da kika amince da shi, ya shiga da ke ya dangwala miki inda kika ce. Wa kika amince da shi?"

"Ni ne babban ɗanta," in ji Babba.

"Ni nake kula da ita," in ji Ƙarami.

"Ita na tambaya," in ji malamin zaɓe.

Inna ta zare hannunta na dama, ta zare na hagu, ta haɗa su a ƙirjinta.

"Ɗan nan, akwai mutane a layin?"

"Cike yake, Mama."

"To ka duba min a ciki, ka samo min wanda ba ni na haife shi ba."

Mutanen layin suka juyo suna kallon 'ya'yan nata, don unguwa ɗaya ce, kowa ya san su, kowa ya kalli bidiyon ya kuma ji rediyon. Babba ya kau da kai gefe. Ƙarami ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Can wata mata mai goyo ta fito daga tsakiyar layi, ta gyara goyonta, ta kama hannun tsohuwar.

"Taho, Mama, a hankali. Akwai ɗan tudu a gabanki."

Inna ta ɗaga ƙafa ta bi ta.